Kwana Uku a Yankin Gonakin Inabi na Cape: Yadda Za Ka Shirya Tafiyar

Gabas da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya a mota ba, akwai garuruwa uku da duwatsu suka yi wa ƙawanya: Stellenbosch, Franschhoek da Paarl. Duniya ta san su da giyar inabi, kuma tun 1659 ake matse inabi a wannan ƙasa. Wannan sunan ne ke sa yawancin mutanenmu da taro ko karatu ko kasuwanci ya kai su Cape Town su ƙi leƙa yankin, su ce me zai kai su mashaya. A ganina asara suke yi. Kafin komai wurin nan ƙasar noma ce: inabi, zaitun, ɓaure, lemo, zuma, cuku, tumaki, ga kifi daga teku kusa. Wanda bai taɓa kai kofin giya bakinsa ba zai iya kwana uku yana cin abincin da zai daɗe yana tunawa. Sharaɗin kawai shi ne ya shirya tun daga gida, domin tsarin yawon buɗe idon yankin an gina shi ne don masu sha, kuma wanda ya tafi kara zube zai ƙare da burodi da ganyen salak.

Fara da sanin iyakarka

Ba zan ɓoye maka ba, giya tana ko'ina. Kusan kowace babbar gona tana da ɗakin ɗanɗana giya, kuma gidan abincin gonar yana sayar da ita. Akwai malaman da ke hana zama a teburin da ake sha, akwai masu faɗaɗa hanin ya kai ga gidan gaba ɗaya. Wannan magana ce da za ka warware da malaminka da zuciyarka kafin ka sayi tikiti, ba a ƙofar gidan abinci ba lokacin da yunwa ta ci ka. Abin da ka yanke shi zai tsara sauran tafiyar. Idan ba za ka zauna inda ake sayar da giya ba, za ka zagaya lambuna da wuraren tarihi da rana, ka ci abinci a gidajen halal na cikin gari. Idan kana ganin ya isa teburinka ya zama babu ita, ƙofofi da yawa za su buɗe maka.

In kuma tafiyar ta haɗa da abokan da ke sha, abokan aiki ko 'yan uwanmu Kirista, ku yi maganar a fili tun da wuri: su shiga ɗakin ɗanɗanawa, kai ka shiga lambu, ku haɗu a inuwa bayan awa ɗaya. Yawancin gonakin suna da faɗin da kowa zai samu nasa.

Zaɓi lokaci

Yanayinsu a juye yake da namu. Disamba zuwa Fabrairu bazara ce, rana mai zafi, babu ruwa, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na dare. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu 'yan ƙasar ke hutun ƙarshen shekara, masauki ya yi tsada, tebur ya yi wuyar samu. Ka kauce wa waɗannan makonni.

Girbin inabi yana farawa ƙarshen Janairu ya kai Maris, wasu gonakin har Afrilu. A lokacin za ka ga taraktoci na jan akwatunan inabi a kan hanya da sassafe, a bakin titi kuma ana sayar da irin inabin ci mai zaƙi da ƙamshi da suke kira hanepoot. Ni Maris da Afrilu na fi so wa baƙo: zafi ya sauka, cunkoso ya ragu, 'ya'yan itace sun nuna. Yuni zuwa Agusta sanyi da ruwan sama ke zuwa tare, duwatsu su yi kore shar, farashi ya faɗi, amma sai ka zo da rigar sanyi ta gaske, kuma wasu gidajen abinci sukan rufe na 'yan makonni.

Game da ranakun mako, ka sauka Alhamis ka tashi Lahadi ko Litinin. Gidajen abinci na gonaki da dama ba sa buɗewa Litinin ko Talata.

Takardu da jirgi

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana bukatar biza, kuma ba a samun ta a filin jirgi. A Najeriya ana miƙa takardu ta ofisoshin VFS Global. Ka nema da wuri, aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada ka biya kuɗin masaukin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Masu fasfon Ghana sun samu sauƙi, tun Nuwamban 2023 ƙasashen biyu suka ɗage wa juna biza don gajeriyar ziyara. Kowa dai ya riƙe katin rigakafin shawara mai launin rawaya, domin ana tambayarsa ga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Fasfo ya zama yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba.

Hanyar jirgi biyu ce aka fi bi: ta Johannesburg, inda za ka sake hawa wani jirgin na awa biyu zuwa Cape Town, ko ta Addis Ababa da jirgin Habasha, wanda ke zuwa Cape Town kai tsaye. Agogonsu ya riga na Najeriya da Nijar da awa ɗaya kacal, saboda haka jiki ba ya shan wahalar canjin lokaci. Ka zaɓi jirgin da zai sauke ka da rana. Hanyar N2 da ta fita daga filin jirgi ba wurin tsayawa ba ce da dare, ko da taya ce ta yi faci ka lallaɓa zuwa gidan mai.

Masauki ɗaya, ba uku ba

Kuskuren da ake yawan yi shi ne kwana ɗaya a kowane gari. Garuruwan kusa suke da juna, kusan rabin awa tsakanin kowane biyu, don haka ɗaure kaya da kwance kaya kullum ɓata lokaci ne. Ka zauna wuri ɗaya.

Stellenbosch nake ba da shawara. Gari ne na jami'a da aka kafa a 1679, yana da kantuna, asibiti, masallaci, gidajen abinci masu sauƙin kuɗi, kuma ana yawo a tsakiyarsa da ƙafa. Daga filin jirgi kimanin kilomita 35 ne. Franschhoek ya fi kyan gani, ya fi shiru, ya fi tsada, kuma abincin halal ya fi wuya a can. Paarl ya fi arha, yana da Musulmi da masallatai, amma a miƙe yake a kan dogon titi ɗaya, sai da mota.

Ka nemi masauki mai ɗan kicin. Wannan ƙaramin abu yana warware matsala babba: ka sayi nama daga mahaucin halal, ka sayi kayan gona da rana, ka dafa na dare da kanka. Ka tambaye su kuma ko suna da janareto ko sola, domin ƙasar ta sha fama da ɗauke wuta bisa jadawali. Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne zagayayyu, cajar da ka zo da ita ba za ta shiga ba, sai ka sayi mahaɗi a filin jirgi ko kanti.

Wani abu da ke rikita mutanenmu: alƙibla a can ba gabas ba ce. Arewa za ka fuskanta ka ɗan karkata dama. Ka duba manhajar alƙibla a wayarka da zarar ka shiga ɗaki, ka kuma sauke jadawalin salla na Cape Town, don a bazara asuba tana yi tun wajen ƙarfe huɗu, isha'i kuma sai bayan tara.

Mota

A hannun hagu suke tuƙi. Idan kana da lasisi da katin banki da ke aiki a waje, hayar mota ta fi komai 'yanci, hanyoyin kuma masu kyau ne. Ka ɗauki mota otomatik, mai canja giyar tuƙi da kanta, don hankalinka ya tsaya a kan hannun titi. Idan ba ka son tuƙi, ka ɗauki direba na yini guda ta hannun masaukinka. Uber tana aiki a Stellenbosch, amma kiran mota daga gonar da ke can gindin dutse da yamma yana iya zama jiran gawon shanu.

A Franschhoek akwai tarago da bas na yawon gonaki da ake kira Wine Tram, kana sauka inda kake so ka sake hawa na gaba. Yana da daɗin kallo, sai dai an tsara shi don masu sha, kuma zuwa la'asar hayaniyar cikinsa takan canja. Ga ayarin da ke da masu sha, doka ta ƙayyade barasar jini ga direba ƙasa da giram 0.05 a kowane mililita 100, 'yan sanda kuma suna tare hanya a ƙarshen mako. Makulli ya zauna a hannun wanda bai sha ba.

Abinci, wanda shi ne dalilin tafiyar

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokacin shiri. Abu na farko da zai kwantar maka da hankali: yankin Cape yana da tsohuwar al'ummar Musulmi, jikokin bayi da 'yan gudun hijirar da Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indonesiya, Indiya da gabashin Afirka. Su ne suka riƙe tukwanen gidajen Turawa ƙarni da ƙarni, shi ya sa girkin yankin ke cike da kirfa, kanumfari, kurkum, citta da tsamiya. Saboda su ne kuma kalmar halal ba baƙuwa ba ce ga kowa. Akwai hukumomin da ke ba da shaida, irin su MJC, SANHA da NIHT, kuma gidan da ke da shaida yakan manna takardar a bango kusa da wurin biyan kuɗi. Ka duba kwanan watan da ke jikinta.

Sai ka bambance abu biyu. Gidan da ke da cikakkiyar shaida ba ya sayar da giya ko naman alade sam. Akwai kuma waɗanda za su ce maka namansu daga mahaucin halal yake, alhali kicin ɗaya ake dafa komai. Yawancin gidajen abinci na gonaki a rukuni na biyu suke, ko ma ba sa cikin ko ɗaya.

Don haka ka rubuta musu saƙo mako biyu kafin zuwa, lokacin da kake kama tebur. Ka faɗa a sarari: ba ka cin alade da duk abin da aka yi da shi, ba ka cin abin da aka zuba wa giya ko da an dafa, kuma kana son kifi ko kayan lambu idan naman ba halal ba ne. Matambayi ba ya ɓata, kuma masu dafa abincin can sun saba da irin wannan buƙata, muddin an sanar da su da wuri. Inda giya ke ɓuya shi ne romon da ake malala wa nama, miyar kifi da ta ƙwaron teku, shinkafar Italiya mai danƙo, da kayan zaƙi. Akwai wani kek na dabino da ake jiƙa shi da barasar brandy, yana kama a ido da wani kek ɗinsu mai suna malva pudding, ka tambaya kafin ka sa cokali. Tsiren hanji da suke kira boerewors sau da yawa ana haɗa shi da kitsen alade, sai ka saya a wurin mahaucin Musulmi. Farantin yankakken nama mai sanyi da ake kawowa tare da cuku kusan duk alade ne.

Abin da za ka nema da gangan: bobotie, niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi da aka gasa da ƙwai da madara a samansa, ana ci da shinkafa rawaya mai busasshen inabi. Bredie, dafaffen naman rago da tumatir da aka bari a wuta har ya saki ƙashi, a lokacin sanyi kuma ana yin sa da furen wani tsiron ruwa, shi ne waterblommetjiebredie. Kifin snoek da aka gasa a garwashi ana shafa masa man shanu da jam, mai ƙaya da yawa amma ƙayoyin dogaye ne, da yatsa ake zare su. Sai biltong, ɗan uwan kilishi, sai dai shi ba a shafa masa labu, gishiri da ruwan tsami da kwariyanda kawai, kuma ya fi kauri.

Abin sha ba zai gagare ka ba. Gonaki da yawa suna matse ruwan inabi zalla, fari da ja, wani mai kumfa, kuma wasu suna shirya ɗanɗana shi tare da cakulan ko cuku. Ka lura da bambanci: ruwan inabin da bai taɓa tsima ba daban, giyar da aka cire wa barasa daban. Ta biyun giya ce aka fara yi sannan aka tace, kuma takan rage ɗan abin da ya kai kashi 0.5 cikin ɗari. Ka karanta jikin kwalba. Akwai kuma shayin rooibos, jan ganye daga duwatsun Cederberg, da Appletiser da Grapetiser, ruwan tuffa da na inabi masu kumfa, a kowane kanti.

Babban cin yankin na rana ne, tsakanin sha biyu da uku. Ɗakunan gonaki sukan rufe wajen biyar. Ka kama tebur ɗaya mai kyau a kowace rana, na dare ya zama mai sauƙi.

Yadda za ka raba kwanakin

Gona biyu a yini sun isa. Masu jera biyar suna komawa gida da hotuna da gajiya, ba su san ɗanɗanon ko ɗaya ba.

Alhamis ka sauka, ka huta, da la'asar ka taka titin Dorp a Stellenbosch ƙarƙashin tsofaffin bishiyoyi, ka ga fararen gidajen nan masu rufin ciyawa da lanƙwasasshen goshi. Ka yi cefanen kicin.

Juma'a da safe ka nufi Macassar, kusa da inda kogin Eerste ke shiga teku. A kan wani tudu can kabarin Shehu Yusuf yake, malami daga Makassar ta Indonesiya da ya yaƙi Turawan Holan a Banten da ke tsibirin Java, suka kama shi suka kawo shi nan a 1694, ya rasu a 1699. Sun ajiye shi nesa da gari don kada ya haɗu da bayi, bayin kuma suka riƙa gudowa wurinsa. Musulman Cape suna ɗaukarsa uban Musulunci a ƙasar. Ka tsaya ka yi masa addu'a. Daga nan Somerset West kusa ne: gonar Vergelegen ta 1700 tana da manya-manyan bishiyoyin kafur da suka haura shekara ɗari uku, maƙwabciyarta Morgenster kuma ta shahara da man zaitun. Ɗanɗana man zaitun abu ne da ya kamata ka gwada. Za a zuba maka kaɗan a ƙaramin kofi, ka dumama shi da tafin hannu, ka shaƙa, ka kurɓa, sai ka ji ɗaci-ɗaci a harshe da yaji a maƙogwaro har ya sa ka tari. Wannan yajin alamar sabon mai ne. Ka lissafa lokaci ka koma Stellenbosch don sallar Juma'a, kuma bayan an idar ka tambayi jama'a inda su suke cin abinci, amsarsu ta fi ta intanet.

Asabar ita ce babbar rana. Ka fara da Babylonstoren, gonar da ta samo asali tun 1692, tsakanin Paarl da Franschhoek. Lambunta yana da tsirrai fiye da iri ɗari uku, kusan duk ana ci ko ana magani da su, kuma ruwa yana zagaya shi ta ƙananan magudanai ba tare da injin ba. Duk mai lambu ko fadama a gida ya bi zagayen da masu kula da lambun ke yi da hantsi, ya ga yadda ake tanƙwara reshen bishiya a kan waya don ya yi 'ya'ya a ɗan wuri, da yadda agwagi ke tsince dodon koɗi maimakon a fesa magani. Gidan abincinsu Babel sai an kama tebur tun da nisa. Da rana ka zaɓi ɗaya: Fairview a Paarl, mai hasumiyar da awaki ke hawa da cuku iri-iri, ko Boschendal, inda ake ba ka kwandon abinci ka shimfiɗa a inuwa. A kan hanyar R301 ka tsaya a ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster. Daga nan Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990, mutum-mutuminsa yana tsaye a ƙofar. Ka ƙarasa Franschhoek, garin da Faransawa masu gudun tsanantawar addini suka zauna daga 1688, sannan ka koma gida ta Pniel da hawan Helshoogte kafin duhu.

Ina roƙonka kada ka wuce Pniel kamar ba komai. Ƙauye ne da aka kafa a 1843 don bayin da aka 'yanta. A tsofaffin gonaki za ka ga ƙararrawa rataye tsakanin fararen ginshiƙai biyu, baƙi na ɗaukar hoto a gindinta. Da ita ake tada bayi aiki. Bayan bauta kuma aka daɗe ana biyan ma'aikatan gona wani ɓangare na ladansu da giya, al'adar da aka haramta tun shekarun 1960 amma ta ci gaba a wasu wurare, kuma illarta tana nan a gidajensu har yau. Matar da ta kawo maka abinci wataƙila jikar waɗannan mutane ce. Ka gaishe ta, ka tambayi sunanta, ka ba ta tukuicinta cikakke.

Lahadi ka tashi da wuri ka shiga Cape Town, unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala a gefen tudu. Safiyar Lahadi ce ranar koesister, soyayyen ƙulli mai kirfa da citta da aka tsoma a ruwan sukari aka barbaɗa masa kwakwa, kuma da ɗuminsa ake ci, kafin hantsi ya ƙare. Masallacin Auwal na 1794, na farko a ƙasar, yana cikin unguwar. A nan za ka ci bobotie da bredie hankali kwance.

Kuɗi, tsaraba da komawa

Kuɗinsu rand ne, kuma kati ya fi takarda karɓuwa, wasu gonakin ma ba sa karɓar tsabar kuɗi. Ka tabbatar katinka yana aiki a waje kafin ka bar gida, ka riƙe na biyu. Tukuici a gidan abinci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne, ba a sa shi a lissafi sai ga babban ayari, don haka ka duba takardar. Masu gadin mota a titi sanye da riga mai ƙyalli ana ba su 'yan canji. Kada ka bar jaka a kujerar mota inda ido zai gan ta.

Tsarabar da ta dace ita ce man zaitun, zuma, rooibos, busassun 'ya'yan itace da haɗin kayan ƙamshi daga shagunan Bo-Kaap. Duk abu mai ruwa ya shiga babbar jaka, a naɗe da tufafi cikin leda, domin a jakar hannu ba a wuce mililita 100. Ka ajiye rasit ɗin kayan da za ka fita da su: baƙo yana iya neman a mayar masa da harajin kashi 15 cikin ɗari a filin jirgi idan jimillar sayayyar ta wuce rand 250, amma sai an ga kayan kafin ka miƙa jakarka. Wannan layin yana cin lokaci, ga mayar da motar haya da cika mata mai, don haka ka isa filin jirgi awa uku da rabi kafin tashi.